Tambaya Biyu a Bankin Garinmu

Na sayar da shanun Vernon ranar Talata,
saba'in da huɗu, har da bijimin da ya fi so.
Kwana tara cekin na cikin jakata,
tsakanin maganin hawan jini da makullin coci.
Takarda ɗaya, nauyin shekara arba'in.

Banki ɗaya gare mu a nan ƙuryar Nebraska,
jan bulo, daura da rumbunan masara,
agogon ƙofarsa ya tsaya tun ina da sauran baƙin gashi.
A irin wannan gini ubana ya zuba guminsa.
Wata Juma'a da yamma baƙi suka zo cikin kwat,
suka liƙa takarda, suka sauya kwaɗo.
Ajiya ta dawo, ban ce ba ta dawo ba,
amma bashin gona ya koma hannun wasu
da ba su san sunan karenmu ba.
Gonar ta tafi kafin ƙanƙara ta narke.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau
tun daga Laraba ake gane ta.
Mummunar ma haka ne, in mutum ya iya duba.

Na je laburare na buga rahotonsu na wata uku,
na ɗora tabarau, na fiƙe fensir.
Cikin kowace dala ɗari da ke hannunsu
goma sha ɗaya tasu ce ta kansu.
To, bangon da kauri.
Bashin da ya haura kwana casa'in ba biya:
bara ɗaya cikin ɗari, bana biyu da rabi.
Na ja layi a nan. Ruwa ba ya tsami banza.
Bakwai cikin goma na abin da suka ranta
masara ce da shanu,
gajimare guda ke riƙe da su duka.

Akwai abin da takarda ba ta faɗa.
Darlene, shekararta ashirin da biyu a taga ta biyu,
kuma a nan albashinta yake kwana.
Motar manaja tsohuwa ce, gefenta ya yi tsatsa,
sai dai tsohuwar mota ma riga ce,
ana iya sa ta don idon mutane.

Merle Zoubek ya zuba min kofi da kansa.
Ya fara zancen sanyi, na katse shi.
Na ce, wa ka hana bashi bana?
Ya juya kofinsa sau biyu a kan tebur.
Ya ce, mijin ƙanwata, ai gari duk ya sani.
Otal yake son ginawa a bakin babban titi.
Ba su zo cin abincin Kirsimeti ba.

Na tura masa shafin da na ja wa layi.
Bai yi dariya ba, bai kira ni uwa ba.
Ya ce, gida uku ne, fari ya cinye su.
Mun ware kuɗin asarar, ga shi a shafi na tara.
Na ce, su wane ne?
Ya ce, wannan kam ba za ki ji a bakina ba.

Amsar da na zo nema ke nan.
Wanda ya rufa asirin mai bashi
zai iya riƙe na gwauruwa.

Duk da haka, wanda maciji ya taɓa sara
ba a yi masa wasa da igiya.
Na ajiye daidai abin da gwamnati ta lamunce,
ko sisi ban ɗora a kai ba.
Ragowar na tuƙa mil arba'in na kai wani gari.

Ya rako ni har bakin ƙofa.
Na ce, Merle, a gyara agogon nan.
Ya ɗaga kai ya dube shi,
ya ce, sai bayan girbi.